Hukuncin Taimama a Bakin Tafkin Yellowstone

Tambaya: Malam, ni ɗan Samaru ne a Zariya, ina karatu a Amurka. Mun kwana a tanti kusa da Tafkin Yellowstone, na wayi gari da janaba. Ruwan tafkin ba ya taɓuwa don sanyi, sai na yi taimama na sallaci Asuba, ko da yake muna da risho da tukunya. Abokina ya ce ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a gefen tafkin ba a tsarki da shi saboda warinsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da sallarka a can. Taimama don tsoron cutuwa da sanyi halal ce, kuma tafkin da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, wanda yake daskarewa watanni a shekara, shigarsa da asuba kasada ce. Sai dai rishon da ka ambata shi ya sauya hukuncin, domin wanda zai iya ɗebo ruwa ya ɗumama, ya kuma samu wurin fakewa daga iska, ba shi da uzuri. Idan akwai sauran lokaci a sa'ad da ka farka, sai ka yi wanka ka rama sallar. Idan kuwa ɗumamawar za ta kai ka fitowar rana, taimamarka ta inganta a mazhabarmu.

Maganar abokinka kuskure ce. Ya ji an ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya ba a tsarki da shi, ya manta da togaciyar da ke biye. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai na farar wuta ne daga ƙarƙashin ƙasa, ba najasa ce ta faɗa ciki ba. Littafin fiƙihu na Ishmawi, da yara ke karantawa a zaurukan birnin Zazzau, ya ambaci ruwan da ke gudana a kan ma'adinin kibritu, wato farar wuta, ƙarara cikin ruwa mai tsarkakewa. Da ƙa'idar abokinka za a bi, da rijiyoyi masu kanwa duk sun haramta ga masu alwala.

Amma kada wannan ya kai ka ɗiba. Maɓuɓɓugan nan wasunsu tafasa suke yi, ƙasar da ke kewaye da su ɓawo ce marar kauri, fiye da mutum 20 sun mutu a irinsu a gandun dajin Yellowstone, kuma hukuma ta hana sauka daga hanyar katako da aka shimfiɗa wa masu ziyara. Ruwan da ba a kai gare shi sai da halaka, hukuncinsa hukuncin babu ne. Gaba, ka kwana da ruwan zafi a filas, ka kuma riƙa tashi da wuri. Wallahu a'alamu.