Ina da katin jam'iyya mai mulki amma ba na son tazarce: na'ura za ta tona ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni tela ne, na daɗe ina riƙe da katin jam'iyya, kuma gidanmu tun zamanin mahaifinmu an san ɓangaren da muke. Gwamnanmu da ɗan majalisarmu ba ni da matsala da su, amma a zaɓen shugaban ƙasa raina ba ya tare da mai ci, kuma mu da yawa ne a layinmu. Kwanan baya shugaban jam'iyya na mazaɓa ya zagaya ya kwafi lambobin katin zaɓenmu, har na mahaifiyata da na iyalina. Ya ce duk wanda ya yi zagon ƙasa na'ura za ta nuna, a cire sunansa daga taki da tallafi, wai har kotu ana iya kai mutum. Mahaifiyata ta ce ita dai ta haƙura da fita. Shin doka ta hana ɗan jam'iyya ya zaɓi wata? Kuma da gaske ana ganewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka koma ka ce wa Hajiya ta ɗauko katinta ta adana, ba abin da zai same ta. Ba aikina ba ne in ce maka wane ya cancanta, wannan tsakaninka da zuciyarka ne da aljihunka. Amma abin da aka faɗa muku ƙarya ce, kuma zan tsaya a kanta sosai.

Maganar doka ba ta da tsawo. Katin jam'iyya shaida ce ta zama ɗan ƙungiya, ba ya ɗaure yatsanka a ranar zaɓe. Babu wani sashe a kundin tsarin mulki na 1999 ko a dokar zaɓe da ya mayar da zaɓen wata jam'iyya laifi, don haka ba alƙalin da zai saurari irin wannan ƙara. Abin da ake kira zagon ƙasa, ko anti-fati a bakin 'yan siyasa, magana ce ta cikin gidan jam'iyya, kuma iyakar hukuncinta dakatarwa ko kora. Ita ma a kan wanda ya fito fili ya yi wa ɗan adawa kamfe take faɗawa. APC ta dakatar da Rochas Okorocha da Ibikunle Amosun a watan Maris na 2019, suna gwamnoni, saboda sun mara wa 'yan takarar wasu jam'iyyu baya a jihohinsu. A 2023 kuwa gwamnonin PDP biyar, Nyesom Wike na gaba, suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya da rana tsaka, kuma kafin shekarar ta ƙare Wike ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC bai ajiye katin PDP ba. Wanda ya yi nasa a fili da lasifika ya samu kujera, sai kai da keken ɗinki za a maka a kotu?

Abin da kake shirin yi ma ba sabo ba ne, da shi aka kayar da shugaba mai ci a ƙasar nan. Mutane suna tuna gwamnoni biyar da suka sauya sheƙa daga PDP a watan Nuwamba na 2013, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Abdulfatah Ahmed da Amaechi, sai su ɗauka nan ne aka gama da Goodluck Jonathan. Ni a wurina labarin yana jihohin da gwamnoninsu ba su tafi ko'ina ba. A ranar 28 ga Maris 2015 gwamnan Jigawa Sule Lamido na nan daram a PDP, amma Jigawa ta ba Buhari ƙuri'a 885,988, ta ba Jonathan 142,904. Bauchi, jihar shugaban PDP na ƙasa Adamu Mu'azu, kuma gwamnanta Isa Yuguda ɗan PDP, Jonathan ƙuri'a 86,085 ya samu a can, Buhari ya haura dubu 930. Kaduna, jihar mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo, ita ma ta tafi. Waɗannan ƙuri'u ba aljanu suka dangwala su ba. A cikinsu akwai na masu kati irin naka, da na waɗanda suka sa hular jam'iyya suka je taro da safe. Gombe ce ma ta fi kama da halin da kake ciki: ta ba Buhari sama da dubu 360, Jonathan bai kai dubu 100 ba, amma bayan mako biyu, ranar 11 ga Afrilu, mutanen nan suka mayar da Ibrahim Dankwambo na PDP kujerar gwamna. Wannan shi ne wake da shinkafa, kuma ƙuri'a ce halattacciya. Takardar shugaban ƙasa daban, ta sanata daban, ta ɗan majalisar wakilai daban, kowacce da akwatinta. Mai cewa idan ba ka yi sak ba, wato ka zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ƙuri'arka ta lalace, ko bai taɓa zama wajen ƙirga ba, ko yana so ya ruɗe ka.

To mu zo kan na'ura, don nan ne ciwon yake, kuma na gaji da jin wannan tatsuniya. Duk shekarar zaɓe sai ta dawo da sabuwar riga. A 2015 an ce na'urar karanta kati ce ke gani. Da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta zo a 2021 aka ce ai wannan ta fi waccan ido, tunda har fuska take ɗauka. Na ji wanda ya ce tauraron ɗan'adam ne, na ji wanda ya ce tawadar ce ke da sinadari. Abin haushin shi ne ba jahilai kaɗai ke yaɗa ta ba, har da masu digiri da ke zaune a majalisa suna gyaɗa kai.

Ka bi matakan da idonka. Ka miƙa katinka, jami'i ya tantance ka da yatsa ko da fuska. Abin da na'urar ta sani a wannan lokaci shi ne wane ya zo, kuma shi ne mai katin. Shi ke nan aikinta da kai ya ƙare. Sai a yi alama a gaban sunanka a rajista, a shafa maka tawada a farce, shugaban rumfa ya buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a ya sa hannu da kwanan wata ya miƙo maka. Ba a rubuta sunanka a takardar, ba a rubuta lambar katinka a kanta, ba a rubuta lambar takardar a gaban sunanka. Ka shiga lungu ka dangwala da tawadar da ba ta da bambanci da wadda ake dangwala takardar filin gona, ka naɗe, ka jefa a akwati ta cakuɗu da ɗaruruwa. Takardar nan ba ta bi ta cikin na'ura. Da yamma a zazzage akwati a gaban kowa, a ware, a ƙirga da baki, a rubuta jimilla a fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Sai a nan na'urar ta sake fitowa, ta ɗauki hoton fom ɗin don a tura shafin hukumar zaɓe. Jimilla take ɗauka: jam'iyya kaza 140, jam'iyya kaza 95. Ina sunan tela a ciki?

Za ka ce ai zanen yatsana na kan takardar. Haka ne. An ma taɓa kawo masana zanen yatsa gaban kotun sauraron ƙarar zaɓe, amma abin da suka nuna shi ne yatsa ɗaya ya dangwala takardu da yawa, wato shaidar maguɗi, kuma sai da umarnin kotu aka ba su damar duba kayan. Takardun da aka kaɗa suna hannun hukumar zaɓe a ɗaure. Shugaban mazaɓar da ke cigiyar kuɗin mai kafin ya je sakatariya ba shi da hanyar kaiwa gare su, balle ya zauna yana gwada yatsun mutum dubbai da tawadar da rabinta ta dagule.

Amma ka bar duk wannan, ka yi amfani da hankalin da kake yanka yadi da shi. In da suna gani ta na'ura, me ya sa suke dasa yaro kusa da akwati ya leƙa takardarka? Me ya sa suke cewa ka ɗauko hoto da waya kafin su biya? Me ya sa suke ɗauko Alƙur'ani su ce ka dafa? Mai gani da idonsa ba ya neman rantsuwa. Duk waɗannan dabaru shaida ce a kansu cewa da zarar ka shiga lungun nan sun makance, kuma sun san sun makance. A 2015 gwamnati na hannun PDP, jami'an tsaro na hannunta, na'ura na aiki, gwamnoninta suna da sauran wata biyu a ofis bayan an kayar da su a gidajensu. A duk shekarun da na yi ina zama a rumfunan zaɓe da kotunan ƙararraki, ban taɓa ganin takarda ɗaya da aka ciro daga na'ura aka ce ga wanda wane ya zaɓa ba.

To lambobin da ya kwafa fa? Amfaninsu biyu ne. Na farko shi ne abin da ya riga ya samu a gidanku: tsoro. Na biyu, jerin nan haja ce. Zai kai wa na sama da shi ya ce ga mutum ɗari uku a hannuna, a ba shi kason mutum ɗari uku, ku kuma ku ga taliya ƙulli biyu da sabulu. Da lamba kaɗai ba wanda zai kaɗa ƙuri'a a madadinka, tunda sai an ga yatsa ko fuska. Abin da za ka kiyaye shi ne katin kansa. Kada ka ba kowa ajiya, ko da an ce za a yi rajistar tallafi ne a dawo da shi. Mai karɓar kati ba ƙuri'arka yake so ba, so yake kada ka fito, musamman in ya ji ƙamshin unguwarku ta juya. Saye da sayar da katin zaɓe laifi ne a doka, haka riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba, haka tsoratar da mai zaɓe. In akwai wanda ya kusanci kotu a labarin nan, to ba kai ba ne.

Ba zan rufe ka ba, akwai ƙofofin da asiri ke fita, sai dai duk na mutane ne. Sakamakon rumfa ana lika shi a bango, don haka za a san inda unguwa ta karkata ko da ba a san mutum ɗaya ba. Kuma 'yan siyasarmu suna riƙe wannan a ciki. Buhari da kansa, a Amurka a watan Yulin 2015, ya ce yankin da ya ba shi kashi 97 ba zai zama ɗaya da wanda ya ba shi kashi 5 ba, maganar da ta bi shi har ya sauka. Ana iya ja wa unguwa rai da kwalbati ko taransifoma. Sai dai ni abin da na fi gani shi ne akwatin da ya taɓa juyawa shi ake lallashi a zaɓe na gaba, wanda kuwa aka san ko an ba shi ko ba a ba shi ba zai yi sak, shi ake mantawa da shi. Ƙofa ta biyu lungun dangwale ne da aka ajiye a inda mutane ke gani ta baya. Kana da ikon ka ce a gyara shi kafin ka dangwala, kuma tun zaɓen gwamnan Osun na 2018 hukumar zaɓe ta hana shiga lungun da waya, don haka in an ce ka kawo hoto, ga uzurinka a shirye. Ta uku kuwa bakinka. Teburin mai shayi ya fi BVAS tona asirin mutane sau dubu. Kai ga shago, ana zama ana hira, sai ka sani.

Su kuma masu yawo da littafi gida-gida suna firgita tsofaffi da zawarawa, ku ji tsoron Allah. Tsohuwar da ta yi layi a rana tun zaɓen 1979, yau kun sa ta ɓoye a ɗaki saboda buhun takin da ba daga aljihunku ya fito ba. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Dalilan suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a lokacin, amma kowace Hajiya da kuka zaunar a gida tana cikin wannan giɓi, kuma za a tambaye ku. Idan gwaninku ya yi aiki, ku zagaya da aikin. Malaman da ake gayyata su riƙe Alƙur'ani ana rantsar da mayunwata a kan dubu biyu, su ma su duba abin da suke sa hannu a ciki. In an riga an sa ka rantsuwa, Malam, wannan ba fagena ba ne, ka samu malamin da ba ya cin abincin ɗan takara ka tambaye shi hukuncinta.

Ranar zaɓe ka riƙo hannun Hajiya ku fita da wuri, tsofaffi ana ba su gaba a layi. Ka nuna mata alamar jam'iyyun tun a gida, don ba hoton ɗan takara a takardar, alama ce kawai da gajeren suna. Ta dangwala a cikin gidan alama ɗaya, kada yatsa ya haura layi, ta ɗan jira tawada ta sha iska, sannan ta naɗe takardar a tsaye yadda jami'i zai nuna, don kada tawadar ta taɓa gidan wata jam'iyya a soke ƙuri'ar wajen ƙirga. Kuma ko kai kada ka tambaye ta wa ta zaɓa.