Musulmi da cin sushi a gidan abinci

Ka tambaya ko Musulmi zai iya cin sushi, wato ɗanyen kifi da shinkafa irin na Japan. Eh, za ka iya ci. Kifi ba ya buƙatar yanka, shinkafar kuma yawanci ruwan khal da sukari da gishiri ake haɗa ta da su.

Sai dai ka tambayi masu gidan abincin ko sun zuba mirin, wata giyar shinkafa ce mai zaƙi. Na fi cin karo da ita a miyar nan mai kauri da sheƙi da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, wasu ma har cikin shinkafar suke sa ta. In sun kasa ba ka gamsasshiyar amsa, ka nemi sashimi, yankakken kifi zalla babu haɗi.