Mayar da babur ɗin kwalta na daji: taya kaɗai ba ta isa ba

Malam, ka tambaya ko sa taya mai haƙora ya isa babur ɗinka na kwalta ya shiga daji. In hanyar burji ce, ya isa. In akwai duwatsu da kwazazzabai, aikin yana wajen shokoba.

Shokobar babur ɗin kwalta takan nutse milimita 120 zuwa 130 ta ƙare, ta daji kuwa daga 200 zuwa 300. To amma kada ka ɗaga baya kaɗai. Da zarar ka sa doguwar shokoba a baya ka bar gaba yadda yake, babur ya duƙa kenan, kansa ya riƙa rawa a cikin yashi, kuma can ne ake faɗuwa. A ɗaga gaba da baya daidai wa daida. Bayan haka a ƙara wa sarƙa sassauci, domin tana ƙara ɗaurewa lokacin da shokoba ta nutse. In ka ɗaure ta irin na kwalta, ko ta tsinke ko ta cinye boris ɗin giya. Tiyon birkin gaba ma sai an sa dogo, kar ya miƙe ya tsage.

Wili: na daji inci 21 ne a gaba, 18 a baya, mai sifok, saboda sifok yana shanye duka, rim ɗin zubi kuwa fashewa yake. Sai dai a ganina, ga babur da aka ƙera da 17, inci 19 a gaba ya fi kwanciyar hankali. Kafin ka amince da 21, a cire sifirin na shokobar gaba, a danne ta har ƙarshe, a juya kai dama da hagu. In taya ta taɓa salansa ko lagireto, a haƙura. Wannan gwajin ne aka fi tsallakewa, alhali taya da ta maƙale a cikin rami tana jefar da mutum ta kan hannu. Ka kuma sani cewa mitar gudu za ta iya fara yi maka ƙarya, ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, ya rikice.

Iska ka rage zuwa 18 ko 20 psi, amma in tub kake amfani da shi sai da makullin rim, wato abin da ke danne taya jikin rim, in ba haka ba taya ta zame ta tsinke bakin tub.

Giya: rage haƙori 1 a ƙaramin sifroket na gaba, kusan daidai yake da ƙara 3 a na baya. Za ka samu ƙarfin hawa, gudu ya ragu.

Sauran masu sauƙi ne. Farantin alminiyam mai kaurin milimita 4 a ƙarƙashin inji, a ɗaure shi jikin firam, ba jikin injin ba. Madigadin gaba a ɗaga shi, don taɓo yana cushe shi ya tsayar da taya. Akwatin matatar iska ka bar shi, ka sa soso mai mai a ciki. Buɗaɗɗiyar matatar nan ta gayu ƙura da ruwa take shayar da inji.