Tambaya da Amsa: Mutanen Kogo da Dainoso a Fim

Tambaya: Gafarta Malam, na kalli wani fim ɗin barkwanci inda mutanen kogo suke gudun dainoso suna faɗawa cikin taɓo. Shin da gaske sun yi zamani ɗaya? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Masana kimiyya sun ce dainoso, wato wasu dabbobin zamanin dā masu kama da manyan ƙadangaru, sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, tun kafin a samu ɗan Adam. Masu shirya fim ne suka haɗa su don a yi dariya, kuma al'adar ta daɗe a Amurka. A 1914 ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin ya fito sanye da fatar dabba a fim ɗin His Prehistoric Past, sannan a 1923 wani ɗan wasan barkwancin, Buster Keaton, ya hau bayan dainoso a fim ɗin Three Ages. A lokacin fim ba shi da murya, saboda haka kulki, tuntuɓe da zamewa su ne suke ɗauke da raha. Shi kuwa dainoson ɗan ƙaramin mutum-mutumi ne da ake motsa shi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hotonsa, shi ya sa tafiyarsa take kamar ta mai ɗingishi.