Amsa: Yadda za mu ci gaba da shaidar bangaskiya idan annoba ta hana taro

'Yar'uwa, kin tambaya yadda Zumuntar Mata Katolika ta Agege a Legas za ta riƙe mutanenta idan annoba ta sake rufe coci. Ku raba kanku gida biyar-biyar, kowane rukuni da mace ɗaya mai kiran sauran a waya. Haka muka yi lokacin kullen korona da aka fara ranar 30 ga Maris, 2020. Masu talabijin suna bin Hadaya Mai Tsarki, wato babbar sujadar Katolika, a tashar Lumen Christi TV, amma yawancin mutanenmu masu gadi ne da 'yan kasuwar Mile 12, ga rashin wuta, ga tsadar data. Sai katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, ya riƙa karanta Bisharar ranar da Hausa, ya tura muryarsa ta WhatsApp. Da ƙarfe tara na dare mu haɗa kira mu yi Rosari, addu'ar carbi ta Katolika, wata ta ja, saura su amsa. Wadda ta dafa tuwo kuma ta ajiye kwano a ƙofar maƙwabciya, Kirista ce ko Musulma, ta ƙwanƙwasa ta ja baya. Wannan kwanon ya fi wa'azinmu shiga zuciyar mutanen layinmu.

Sharaɗi ɗaya dai: waya ba ta ɗaukar sakramenti, wato ibadu masu tsarki irin su furta zunubi ga firist. Ba a furta zunubi ta waya, kallon Hadaya kuma bai zama karɓar Jikin Kristi, wato gurasa mai tsarki, ba. Idan wani ya kwanta rai a hannun Allah, ku sanar da Fada, wato firist, nan take, ya zo da takunkumi ya shafa masa mai tsarkakakke na marasa lafiya gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka yarda.