Amsar tambayarki kan ƙararrawa da waƙoƙin Taizé

'Yata, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na ji saƙonki. Kin ce a taron matasa na Taizé kin makara kaɗan kin tarar har an shiga addu'a, waƙoƙinsu kuma ba ganga ba tafi, layi ɗaya ake ta maimaitawa. Kina tambaya ko mu ne muka saba da sakaci, ko su ne sujadarsu ba ta da rai.

Ki fara sanin wurin. Taizé ƙauye ne a Faransa kusa da Cluny, inda Ɗan'uwa Roger, mutumin Suwizalan, ya sauka a 1940 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. 'Yan'uwan ƙungiyar addu'ar da ya kafa can, Katolika da Furotesta, sau uku suke addu'a kowace rana: safe, tsakar rana da dare. Da ƙararrawa ta kaɗa, mai wanke-wanke zai ajiye kwano, mai shara ya jingine tsintsiya. A lokacin zafi matasa dubbai ne ke zuwa, kuma su ne ke raba abinci da gyara wuri. In aka jira mutum ɗaya, layin abinci da nazarin Littafi Mai Tsarki duk sun goce. Makara a can cin haƙƙin wani ne, don haka ki tashi da wuri, ki zauna kafin ƙararrawa ta yi shiru. In kin je gari kin ga kowa da jela, ke ma sai ki nemi taki ki ɗaura.

Amma raina yana ɓaci in na ji ana cewa mu ba mu san lokaci ba. Dubi maƙwabtanmu Musulmi, da an kira salla ake rufe shago. Manomi ba ya ɗaga shuka in ruwa ya sauka. A majami'armu ta ƙauye ana buga tsohon ƙarfen tayar mota, bugun fari don a shirya, na biyu don a kama hanya, domin wasu daga ƙetaren rafi suke tahowa a ƙafa da goyo. Waɗanda suka riga isowa sai su kama waƙa har jama'a ta cika. Jira ne na ƙauna, yana da dalilinsa. Wanda yake da agogo a hannu da babur a ƙofa ya kuma makara, wannan ba al'ada ya bi ba, lalaci ne.

Zancen waƙa ya fi damuna, don a nan ne nake tsoron ki yanke hukunci da wuri. Da gangan aka gajarta waƙoƙin nan. Matasan da ke zaune a ƙasa kusa da ke, wani daga Folan yake, wani daga Koriya, ba harshen da ya haɗa su. Shi ya sa aka ɗauki 'yan kalmomi, sau da yawa daga Zabura, wasu da Latin, aka sa musu murya mai sauƙi wadda baƙo zai kama a zama ɗaya. Ai kin san wannan tun a gida. In mai ba da waƙa ta Zumuntar Mata ta ɗaga murya, tulu da caki suna tafiya, amshi ɗaya muke juyawa har tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta haddace ayar. Mu maimaicinmu yakan kai mu ga rawa da guɗa, nasu yakan kai su ga shiru na kusan minti goma a tsakiyar addu'a. Kada ki cika shirun nan da duba waya. Zai yi miki nauyi da fari, ki daure.

Ki kuma lura da dare: farawa ce suke yi a kan lokaci, amma bayan an gama addu'a masu so sukan zauna suna ta rerawa, ba mai korarsu.

Kada ki shiga majami'arsu da tafi, ba wurinsa ba ne. Akwai Oyak, inda matasa ke taruwa da yamma da jita suna waƙoƙin ƙasashensu. Can za ki koya musu amshi ɗaya na Hausa, ki nuna musu yadda ake tafinsa. Ki rubuto mini wanda kika zaɓa. Gwaggonki tana gaishe ki.