Yadda binciken ka'ida zai fito a cikin zanen gininka

Ka tambayi yadda za ka haɗa babin ka'ida da zanen ɗakunan kwanan ɗalibai da kake yi a digirinka na biyu a Bauchi. Inda ake tuntuɓe shi ne ɗalibi ya gama rubutu ya ajiye, sannan ya zana abin da ransa ke so. Ranar kare aiki sai malamai su ga zanen daban, rubutun daban.

Ciro sharuɗɗa uku ko huɗu daga karatunka, waɗanda za a iya aunawa. In ka yi rubutu kan sirrin da zaure ke ba gida, to a zanen a ga wanda ya tsaya bakin ƙofa ba ya hango tsakar gida. In zafi ne, doguwar fuskar ginin ta kalli arewa da kudu, tagogin yamma su zama ƙanana, domin ranar la'asar ta Maris da Afrilu ita ke dafa ɗaki.

Kada ka tsaya ga littafi. Shiga cikin gari, nemi izinin masu gidan ƙasa, auna kaurin katanga da zafin ɗakin ƙarfe 3 na rana da 3 na dare, ka kwatanta da ɗakin bulo mai rufin kwano. Rufin azara kuwa, kada tazararsa ta wuce kusan mita 2 ba tare da baka (lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi) ko ginshiƙi ba, in ba haka ba zai lanƙwashe.